Ranar da Albasa ta Sa Kawu Kuka

Ina aji uku a lakkwal, wato makarantar boko, lokacin. Wata la'asar muna yankan albasa a tsakar gida, ni da Inna, sai ga ƙanenta Kawu Ishaya, ma'aikacin jinya a asibitin mishan, da farar rigarsa.

Na share ido na ce, "Kawu, don mi albasa ka sa mutum hawaye?"

Ya gyara tabarau. "In an yanka ta, wani tururi ka fita ya taɓa ruwan ido, ido ya yi zafi ya wanke kanshi. A jiƙa ta da ruwa, shi ke nan. Ba ni wuƙa."

Ya tsoma albasa a ruwa sau ɗaya ya hau yanka. Kafin ta uku hawaye sun cika tabarau, yana jan majina. Har yau ina kewar wannan fuskar.

Sai maƙwabciyarmu Hadiza ta leƙo, mijinta kuwa yana kwance a asibitin. Ta ga Kawu, ta dafe kai. "Innalillahi! Malam ya cika?"

Inna ta ce, "Mijinki lafiya lau, Hadiza. Likitan ne ba lafiya."