Harshen Gwaggo Kulu

Mashkura tana shiƙar gero a bayan gidansu a Magarya, iska ta juyo, ƙaiƙayi ya faɗa mata a ido. Ta murza, ta wanke, bai fita ba. Sai ta nufi wurin Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinta, wadda duk unguwa ta sani da cire haki a ido da harshe.

"Taho nan, ɗiyata. Ke da ka ɗunkin hula, ki bar ido da ƙaiƙayi?"

Ranar Gwaggo ta tashi daga zazzaɓi, ƙurajen nan masu ruwa sun fito mata a leɓe. Mashkura ta gan su, amma wa ke ƙyamar gwaggonsa? Ta buɗe ido, Gwaggo ta lashe, haki ya fita.

Bayan 'yan kwanaki idon ya kaɗa ya yi ja, yana ta zubar ruwa, ko hasken tsakar gida ba ta iya kallo. Aka ce sauran ƙaiƙayi ne. Yayanta Bube ya sayo mata maganin ɗigawa a kyamis. Jan ya ragu, hankali ya kwanta, ta koma kan hularta. Amma zare ya fara yi mata hazo-hazo. Sai da fari ya fito a kan baƙin idon aka kai ta asibitin ido a Sakkwato.

Likita ya duba, ya yi tambayoyi, ya nisa.

"Ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe ita ce ta shiga idon. Maganin da kuka ɗiga, jan kawai ya ɓoye, cutar kuwa ya ƙara mata ƙarfi. Za mu tsayar da ciwon, amma wannan hakiyar ta zauna."

A mota Bube ya ce, "Mi za mu ce ma Gwaggo?"

"Gaskiya," in ji Mashkura. "Jiya ma na ji an kai mata jinjirin maƙwabciyarmu Ikilima ta cire mai haki."

Gwaggo Kulu ba ta sake sa harshe a idon kowa ba. Yanzu kullum da hantsi takan zo ta zauna gefen tabarmar Mashkura. Ita tsohuwar ce ke zura wa yarinyar zare a allura.

Jama'a, ido ba wurin harshe ba ne, ba kuma wurin gwajin magani ba. In ya yi ja yana gudun haske, a kai shi asibiti tun yana gani.