Motar da ke Gane Maƙiya

Ƙarar ta fara ne a ƙofar gidan Audi mahauci. Kansila Jumare na taka birki, wata jar fitila mai hoton taya ta kama a dashbod, motar ta shiga kuka kamar ɗan tsako.

Jumare dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba kafin soja su koma bariki, guguwar siyasa ta ɗauke shi ta dire a kujerar kansila a Agege. Aikinsa na farko shi ne sayen mota tokumbo, wato ta hannu, daga Jamus, irin wadda direba ke danna maɓalli kujera ta yi ɗumi, a garin da ba a taɓa neman bargo ba. Ranar da ta iso aka yi walima, ya tara na hannun damansa ya raba musu ɗan tarkacen da ya biyo ta, ya ce ribar dimokuraɗiyya ce. Daga nan ya manta.

Mai faci ya duba tayoyin huɗu, ya ce iska lafiya lau. Da suka bar layin su Audi fitilar ta mutu.

Bayan kwanaki ta sake kamawa, wannan karon a gidan Hajiya Asama'u, shugabar matan jam'iyya, wadda ta bi gida-gida da ƙafa har ta kawo masa ƙuri'un matan unguwa. Sai kuma a ƙofar Malam Murtala, limamin da ya yi masa saukar Alƙur'ani a jajibirin zaɓe. A kasuwa shiru, a sakatariya shiru, a cunkoson Mile 2 ma shiru. Gidajen nan uku kawai.

Shafi'i, sakataren kansila, shi ya fara ba da fassara. Ya ce Bature ba ya ƙera abu a banza, motocin manya a can suna jin mugun nufi kamar yadda kare ke jin ɓarawo.

"Oga, gwaji ba wuya," in ji shi. "Mu je nawa gidan."

Suka je. Jumare ya yi fakin, ya kashe, ya sake tayarwa, ya matsa har gaban motar ya kusa taɓa ƙyaure. Ko tari ba ta yi ba. Shafi'i ya share ƙwalla.

Da farko Jumare ya yi ta kokawa da zuciyarsa. Ya tuna yadda Audi ya sha kulki a rumfar zaɓe saboda shi. Ya koma gidan ba sanarwa, Audi ya tarbe shi da murna, ya shimfiɗa masa darduma a zaure kusa da wani abu da aka lulluɓe da sabon zani, ya kawo balangu mai zafi. A waje motar na ta kuka. Jumare ya dubi naman, ya ce yana azumi.

Cikin wata guda aka karɓe wa Audi rumfarsa a mayanka. Aka naɗa sabuwar shugabar mata, ƙanwar matar Shafi'i. Malam Murtala ya zo har ofis da carbinsa ya yini a benci, masinja ya ce masa oga na mitin.

Labari ya bazu a Agege. Masu neman kwangila suka riƙa roƙon kansila ya zo ya yi fakin a ƙofarsu, in mota ta yi shiru a yanka rago. Wani ɗan okada ya rantse ya ga ta juya fitilunta ta harari wani tsohon soja. Jumare ya daina shawara da kowa, sai motar da Shafi'i.

Da zaɓen fidda gwani ya zo a 2002, babu mahauta a layinsa, babu mata, babu mai addu'a. Wanda ya kayar da shi, da rata mai faɗi, Shafi'i ne.

Jumare ya kai motar Isolo wurin Alhaji Rasaki, dilan da ya shigo da ita, ya ce a sayar, ta ci amanarsa. Ya kwashe labarin duka ya faɗa. Rasaki ya saurara har ƙarshe bai yi dariya ba, sannan ya ce:

"Alhaji, ina tayoyin sanyi huɗun da na haɗo maka, masu ƙarfensu? Na dusar ƙanƙara ne. Kowacce akwai 'yar na'ura a bakin da ake ba ta iska. In ta daɗe a ajiye ta sace, motar kuwa ta matso kusa, sai ta ji kiran na'urar, ta ɗauka tayar da ke ƙafarta ce ta sace. Nesanta su kawai za ka yi. Ina ka ajiye su?"

Sai a lokacin Jumare ya tuna. Su ne ribar dimokuraɗiyyar da ya raba ranar walima, taya ɗai-ɗai ga mutum huɗu da ko keke ba su da shi. Audi da Asama'u da Murtala suka kai nasu gida suka adana, don kyautar oga ce. Shafi'i kaɗai ya sayar da tasa kafin la'asar.