Hotuna Takwas Daga Dapaong

Ranar Juma'a hoto na takwas ya shigo wayar Ummusalma, kuma gyambon ƙafar Inna ya sake raguwa.

Aikinta ke nan a asibitinsu na Sokodé. A ɗauki hoton ciwo da rula a gefensa, manhaja ta zagaye bakinsa da koren layi, ta faɗi girmansa. Ummusalma ta yarda da abin nan fiye da idonta.

A bakin wata mai kawo gyaɗa ta fara jin cewa ciwon suga ya huda ƙafar mahaifiyarta a Dapaong. Ta so kama hanya ranar, likita ya hana. Cikin wata shida gare ta bayan ɓari biyu, ba ya son ta yi doguwar tafiya. Sai ta kira ƙanwarta Raihana ta wanke ta tas kan ɓoye mata da ta yi.

"Yi haƙuri, Yaya. Dama likitan lopital, asibitinmu na nan, ya sa ina ɗaukar hotonsa da rula duk sati. Zan riƙa turo miki."

Hoton farko ya hana ta cin abinci: gyambo kamar tafin hannu, bakinsa baƙi. Na biyu da ɗan dama-dama. Daga nan kowace Juma'a koren layin sai ya ƙara tsukewa.

Muryar Inna ce dai ba ta samu ba. Yau tana barci, gobe rezo ba kyau, kira ba ya shiga. To, Inna dama "akwatin gulma" take kiran waya. Amma kewa ta ishi Ummusalma, har mafarkinta take yi tana tafiya garau, ba ɗingishi, ba ta waiwaye.

Da murna ta jera hotunan takwas don ta nuna wa mijinta. A kowanne, babban yatsan Raihana ne ke danne rular. A na farko farcen fari ne, sai ɗan jan lalle can a bakinsa. A na huɗu jan ya kai rabi. A na yau ya rufe farcen har gindi.

Ta sake bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Lalle fita yake yi idan farce ya tsiro, ba ta taɓa ganin wanda ya koma ciki ba.

Ta danna kira. "Raihana, ba ni Inna."

Raihana ta fashe da kuka.

"Ita ta ce kar ki sani sai kin haihu, Yaya."

Tsofaffin hotuna ne na watannin baya: daga na ƙarshe Raihana take turo su zuwa na farko, kuma hoton da ya fara isowa an ɗauke shi ne kwana biyu kafin a binne Inna.