Riƙon Ummi

Tun da aka kafa dokar, ba a ba kowa riƙon maraya sai na'urar hukuma ta kwana arba'in tana sauraren gidansa. Gidan da ta ji kuka a ciki ya faɗi.

Ladidi ta rufe rijiya, ta kulle magunguna, ta haɗiye kukan rasuwar ƙanwarta, duk don a ba ta Ummi, 'yar marigayiyar.

Ranar cikar wa'adi jami'i ya ciro na'urar, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, ba a ji kuka ba."

"Alhamdulillahi. Yaushe zan ɗauko ta?"

"Dariya ma ba a ji ba. Sai an ƙara wasu arba'in."

Ya mayar da na'urar bango, ya fita. Ladidi ta tsaya a gabanta, ita kaɗai, ta fara koyon dariya.