Ƙwaryar da Inna ta rufe

Ina aji biyu a sakandare Malamin Turanci ya rubuta "tacit" a allo. Ya ce ana faɗin ta ne a kan abin da kowa ya gane ba tare da an furta shi ba. Misalinsa shi ne uwa da ɗanta na fari: kunya ba ta barin ta kama sunansa, amma ya san matsayinsa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma misalin haushi ya ba ni. Da haushin na dawo gida Chanchaga.

Na tarar da Inna tana dama fura. Ba ta ɗago ba, ta turo ƙaramar ƙwarya.

"Ke, ungo."

"Inna, ina da suna fa. Ƙannena kina kiransu, ni kullum 'ke'. In ba kya so na, ki faɗa mini kawai."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ɗauki faifai ta rufe ƙaramar ƙwaryar.

"Tana nan," in ji ta.

Ban sha ba, na shige ɗaki.

Bayan rasuwarta ƙanwata ta gaya mini cewa wannan ƙwaryar, saman kindirmo ne, mai maiƙon, Inna ke kwashewa ta zuba a cikinta kullum kafin ta fita talla, kuma ba wanda take bari ya taɓa sai ni.

Har yau bakina bai iya shiru ba. Amma da zan koma wancan yammacin, faifan kawai zan ɗaga.