Askin Suna Bayan Allurar Maigadi

Tun da aka fara yi wa jarirai allurar maigadi, wadda ke riƙe zaren halitta, wato ƙwayoyin gado na cikin jiki, ta hana tsiron banza, ba a sake jin labarin sankara a garin ba.

Ranar sunan wata jaririya da aka yi wa allurar, Barau wanzami ya wasa aska, sai ya tsaya.

"Lafiya, Malam Barau?" in ji Kande, kakar jaririyar.

"Gwaggo, yaron da na aske bara, har yau kansa kamar ƙwarya, gashi bai sake fitowa ba. Maigadin nan bai san ɓarawo da ɗan gida ba."

Kande ta tuna yadda sankara ta cinye mijinta. Ta daɗe tana shafa kan jikarta.

"Aske," ta ce. "Amma gashin, ba ni in ajiye mata."