Awon Kujerar Tsoho

Mai jinya ta buɗe ƙofar gida da faɗa a bakinta. Mutumin da ke tsaye da jaka a kafaɗa da takunkumi a fuska bai ko gama sallama ba ta rufe shi: tun jiya take jiran mai gyaran kujeru, sai yanzu ya ga dama? Ta ce ya wuce baranda ta baya, aikin na gaggawa ne. Ya ɗan dube ta, sannan ya shige gaba, ya sunkuya a daidai inda saman ƙofar ya yi ƙasa.

Gaggawar tana da dalili. Ɗan tsohon da take jinya, wanda ya daɗe a ƙasar waje, ya ce zai zo cikin makon nan. Ba ta taɓa ganinsa ba, ta hannun wata dillaliya aka ɗauke ta. Hoto kawai take tura masa, tsoho zaune a baranda da farar riga, daga ƙirji zuwa sama. In ya zo ya ga sauran, aikinta ya ƙare.

Kujerun shan iska ne irin na ƙarfe, waɗanda ake ɗame yadi mai kauri tsakanin sandunansu biyu. Sauran kujerun rana ce kawai ta koɗar da su. Ta ƙuryar kuwa ko kare aka ba ya raina. Yadinta ya lotsa kamar buhu, tsakiyarsa ya yi baƙi ƙirin, ga shatin fitsari wani kan wani, ga busasshen abinci maƙale a ɗinki. Ƙudaje sun mayar da ita gidan ubansu. Zarnin ya riga su isa ƙofa.

Mutumin ya tsaya cak. Ta yi dariya, ta ce ai gara da ya zo da takunkuminsa, ita hancinta ya daɗe da mutuwa.

Sai ta lura ko tef ɗin awo bai zo da shi ba. Ta ja tsaki, ta ce akwai na tsoho, a da kafinta ne, yana rataye a wani wuri cikin sito. Kafin ta tuna wurin ya dawo da shi a hannu.

Ya durƙusa gaban kujerar ya fara awo, ita kuma ta tsaya daga nesa tana fifita da mayafi. Awon nasa bai yi mata ba. Ko wanda ta kira a waya ya gaya mata ƙa'idar: ba a auna tsohon yadi, don ya riga ya miƙe da nauyin mai zama, ƙarfen ake aunawa daga wannan sanda zuwa waccan. Shi wannan yadin ya bi. Ya auna zurfin lotsawar, ya daɗe yana kallon lambar. Ta ce a ranta yaron shago aka turo mata, ga hannu sumul kamar na mai ƙirga takarda.

Da ya gama da yadi ya koma kan hannayen kujerar. A kowane ɓangare fenti ya goge a wuri guda, ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. Haka a ƙafafun gaba, ɗan sama da ƙasa kaɗan. Ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kan gogewar, ta zauna daidai. Ya ɗago ido yana tambaya ba tare da ya buɗe baki ba.

“Igiya ce,” in ji ta. “In ba a ɗaure shi ba yawo yake, yana neman ɗansa a titi. Ni zan yi ta bin sa? In na zaunar da shi da safe sai yamma. Wurin nan ma ka shafa masa fenti.”

Baki shi ke yanka wuya, amma ita da ta sami mai saurare ba ta san birki ba. Ta ce tsohon ƙazami ne, abin ƙyama, ko cokalinsa ba ta taɓawa sai da leda. Yau ma a ɗaki ta kulle shi don kada ya tsaya musu a kai. Ta ce ɗan kuwa sakarai ne na ƙarshe, ka tura masa hoto da farar riga ya yi ta sa maka albarka har da muryar kuka. Mai son ubansa ai ba ta waya yake son sa ba.

Tef ɗin ya kuɓuce daga hannun mutumin ya nannaɗe da ƙara. Daga cikin gida aka ji ana buga ƙofa a hankali, irin bugun wanda ya saba ba a amsa masa. Mutumin ya juya kai daidai wajen tagar ɗakin. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ta ce zarnin ne, haka yake yi wa baƙo.

Ta tambaye shi yaushe sabon yadi zai iso. Ya sa hannu ya ɗauki tef ɗin. Ta ce to bari ta ji daga bakin sakaran ranar da zai sauka, su san kwanakin da suka rage musu. Ta gyara murya, ta sa mata zuma, ta danna lambar, ta kara a kunne tana yi wa mai awo alamar ya yi shiru.

Wayar ta fara ruri a cikin aljihunsa. Ya miƙe tsaye, ya sauke takunkumin, ya ɗaga yana kallon ta.

“Ina jin ki,” ya ce. “Ba ni mukullin ɗakin mahaifina.”